Tagar Ɗakin Mai Jego

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Sun hana ni shiga. Ni Sa'adatu da na haife ta, aka tsayar da ni a bakin ƙofar ɗakin asibiti kamar mai tallar goro. Nas ta ce mutum ɗaya ake bari, kuma mijinta yana ciki. Na ce to ya fito in shiga mana. Ta leƙa ta dawo ta ce wai mara lafiya barci take yi. Barci! Ta gilashin ƙofa ina hango ƙafarta tana motsi.

Likita ya daɗe da ce mini in rage faɗa saboda hawan jini. To na rage. Ga shi ina zuba wa takarda, ita dai ba ta mayar da magana.

'Yata ce ta fari, ba na kiran sunanta, ko a nan ma hannuna ba zai iya ba. Mai jego kawai zan rubuta. Haihuwar fari ta yi, ta zo gida wanka kamar yadda kowace 'ya take zuwa gaban uwarta. An yi suna lafiya lau, yaro ya ci sunan Junaid. Shekaranjiya Asabar da safe aka kwashe su a adaidaita sahu, ita tana ta amai, shi kuwa ko kukan kirki ba ya iya yi. Yanzu tana ɗakin mata, shi yana cikin kwalba da roba a hanci.

Abu ɗaya nake so, ba biyu ba. A dawo mini da 'yata ta ƙarasa wankanta a gidana, in yi mata arba'in, in mayar da ita ɗakinta da hannuna. Sauran surutun duk na masu baki ne.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Na hura wuta na ɗora ruwa, har na zuba ganyen darbejiya kafin in tuna babu mai wankan. Na bar shi ya tafasa ya huce.

Asabe maƙwabciyata ta shigo, wai ta zo jaje. Jaje da ido yana yawo a kusurwa-kusurwa. Ta ce, "Malama, ke ba ki ji abin da ake faɗa a layi ba?" Na ce ban aiki kowa ya jiyo mini ba. Duk da haka sai da ta amayar. Wai guba suka shaƙa, wai likitoci sun tabbatar, wai daga cikin gidan nan. Na ce Asabe, tashi ki je tuwonki na ƙonewa.

Na san inda maganar ta fito. Surukin nawa ne, Abdulmalik, Ciyaman na masu koriyar riga. Wata ƙungiya ce suka kafa shi da 'yan uwansa marasa aikin yi, wai ta kare muhalli. Su yashe kwata, su dasa bishiya a bakin titi awaki su cinye, su ɗauki hoto. Tun yana neman aurenta na ga alama. Mutum ya zo gaishe da surukarsa ya ɓige da tambayar inda take zubar da shara! Tun farko ma ba ya son ta zo wankan gida, wai ruwan zafi yana da illa, wai kunun kanwa yana taɓa zuciya. Sai da na aika wa uwarsa magana sannan ya bar ta ta zo.

Yanzu ya samu abin da yake nema. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan Azahar

Duba-gari sun zo, su uku, da ƙyalle a hanci kamar masu kwasar gawa. Yaran unguwa suka cika ƙofar gida. Tun da Malam maigidana ya rasu ba a taɓa taruwa a ƙofata haka ba.

Ɗakin ajiya suka nufa kai tsaye, wanda yake jikin ɗakin mai jego. Ƙanena Garba ne yake ajiye buhunan wakensa a ciki duk shekara, ya kawo daga gonarsa can wajen Kabo, ya bari sai damina ta yi nisa ya fitar. Bana ƙwari suka shiga waken. Ranar Alhamis ya zo da ƙwayoyin nan da 'yan kasuwa suke kira bom, ya cusa a tsakanin buhuna, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ya liƙe ko'ina, ya ce kada a buɗe sai ya dawo. Haka kowa yake yi. Haka ubanmu ma da ya samu zai yi. Ba yau aka fara sa wa wake magani ba, ba kuma a gidana aka fara ba.

Babban cikinsu ya ɗora kujera ya hau, ya haska silin. Ya ce, "Hajiya, katangar nan ba ta kai kwano ba. Sama a haɗe take." Ya shiga ɗakin mai jego ya nuna mini inda ruwan bara ya ɓula silin, daidai saman gado. Ya ce ƙwayar in ta ji danshi hayaƙi take zama, hayaƙin da ido ba ya gani, duk inda ya samu kafa bi yake yi. Na ce ni ba magini ba ce. Ya tambaye ni ko an ji wani wari kamar na tafarnuwa. Na ce gidan mai jego ne, yaji da tafarnuwa ai ba a rasa su.

Sai ya tsaya yana kallon taga. Ya sa hannu ya zare tsumman da ke cushe a gefenta, ya jujjuya shi, ya ajiye. Na kau da kai. Damina ce, iska tana da sanyi, kowa ya san jikin mai jego ɗanye ne.

Sun kwashe buhunan, sun ce a bar ɗakunan biyu a buɗe. Su tafi da su, Allah ya raka taki gona.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan La'asar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An kai shi bayan Azahar. Daga gidan su ubansa na unguwar Babban Giji aka ɗauke shi, ba daga nan ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, da yamma

Na je zaman makoki a gidan Hajiya A'isha, uwar mijin. Jikana ne ya rasu, amma sai na zama baƙuwa. Ina sallama falon ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Hajiya ta ce, "Sannu Malama, ya haƙuri?" Na ce haƙuri sai ma'abocinsa. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma can bakin ƙofa, wai ciki ya cika. Ya cika ɗin. Da na zauna na ƙirga wuraren da mutum zai iya zama da idona.

Wata mai siririn baki, ban san ta ba, ta ce da ta kusa da ita, yadda zan ji, "Ai shi ya sa wankan gidan nan yanzu ake gudunsa." Na juya na ce, "Baiwar Allah, ke a ina aka wanke uwarki?" Aka yi ta ba ni haƙuri. Ban yi nadama ba, da ta ƙara da na ƙara.

Ba wanda ya tambaye ni yadda nake ji. Ni na yanke masa cibiya da addu'a a bakina, ni na fara yi masa wanka, ni nake gasa masa ciki da tsumma mai ɗumi. Hannunsa duka bai fi babban yatsana ba. Zuciyata ciwo take yi, wallahi ciwo take yi, amma su gani suke kamar dutse ce ta zo ta zauna musu a tabarma.

Ita tana asibiti har yanzu. An ce ta ji sauƙi. An ce an faɗa mata.

Lahadi, 10 ga Agusta, da safe

Na ɗora ruwa. Ya huce.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan Magariba

An sallame ta. Ba wanda ya kira ni. Daga bakin Asabe na ji, ita kuma daga bakin mai adaidaitar da ya kai su. Babban Giji suka wuce da ita.

Da la'asar sai ga Ciyaman da kansa. Ya rame, idon nan ya faɗa, amma koriyar rigar tana jikinsa. Ya durƙusa a tsakar gida ya gaishe ni. Durƙuson munafunci. Ya ce, "Inna, kayan mai jego na zo ɗauka." Na ce kayan suna inda mai su ta bar su, in tana so ta zo ta ɗauka, ai ba a canja wa gidan ƙofa ba. Ya ce likita ya ce ta huta. Na ce a gidan uwarta ƙaya ake shimfiɗa mata?

Can ya ce wai yana neman izini ya ɗauki hoton silin, don a nuna wa mutane, kada ya sake faruwa a wani gida. Kai jama'a! Ɗansa ko kwana bakwai bai yi a ƙasa ba, shi hoto ne a gabansa. Na ce in ya ɗaga wayar nan a gidana sai na tsoma ta a randa.

Ya ce, "Inna, ranar suna na ga buhunan. Na roƙa kada a sa musu komai a cikin gida." Na ce na ji, ka faɗa, a ba ka lambar yabo. Yaron da aka haifa jiya zai koya mini yadda ake ajiye wake. Ya ce shi ba ya neman kowa da shari'a, ya ma hana 'yan uwansa kai Kawu Garba ƙara. Na ce an gode, Allah ya saka.

Har ya kai zaure ya juyo. "Inna, tagar ɗakin, a buɗe suka kwana da ita ko a rufe?" Na ce je ka tambayi matarka. Ya ce, "Na tambaya. Ta ƙi magana."

Na haɗa masa kayan a jaka biyu. Na riƙe zannuwan wanka da tukunyar yajinta, tunda dai dawowa za ta yi.

Laraba, 13 ga Agusta, da hantsi

Garba ya zo. Tun ranar da abin ya faru wayarsa a kashe, yau ya ga dama. Ya zauna a dokin ƙofa yana kuka kamar mace, majina har gemu. "Yaya, wallahi na toshe. Yadda mai maganin ya ce haka na yi. Ƙofa, taga, har ramin ɓera na cusa wa tsumma. Ban ɗaga kaina sama ba, Yaya, ban ɗaga ba." Na ce to kukan me kake yi? Kai ka halicci rai? Kwanansa ne ya ƙare.

Ya ce tun yana saurayi yake sa maganin nan, a rumbu, a ƙauye, inda rumbun yake can bayan gida shi kaɗai. Bai taɓa sa shi a ɗakin da ke jingine da na mutane ba sai bana. Na ce wa ya tambaye ka tarihi?

Na dama masa kunu ya kasa sha. Sai ya share ido ya ce, "An ce likita ya ce da iska tana shiga ɗakin, da wataƙila..." Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce tashi ka bar mini gida. Ya ce, "Yaya, me na ce?" Na ce ka tashi na ce. Na jefa masa takalmansa waje.

Kowa ya zama likita. Mai jego ba ta kwana taga a buɗe, wannan ko jaririyar da aka haifa yau ta sani. In sanyi ya shige ta, kumburi ya kama ta, wa za a zaga? Ni. A ce uwarta ba ta iya jego ba. 'Ya'ya shida na haifa, duk a rufe na yi jegonsu, ga ni nan da ƙafata.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan an sauko

Har liman. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa lasifikar masallaci tana kawo mini huɗuba har cikin faranti. Wai a ji tsoron Allah a daina ajiye guba inda ake kwana. Wai "abin da ya faru a wani gida a nan unguwarmu." Wani gida! Duk Gyadi-Gyadi akwai wanda bai san gidan ba? Da ya kira sunana ma ya fi mini sauƙi.

Masu koriyar riga kuwa kasuwarsu ta buɗe. Da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kowa dariya yake musu. Yanzu Asabe ta ce har ɗanta mai tuƙa adaidaita ya karɓi riga. An manna takardunsu a bayan kekuna, a jikin shagon mai shayi, a katangar makarantar da na koyar shekara da shekaru. Sun shiga rediyo. Sun je wurin mai unguwa, sun zagaya Unguwar Gano da Ƙauyen Alu shago-shago. Mai shagon kan kwana da yake jera kwalaben piya-piya, maganin ƙwari, a kan tebur kusa da biredi, yanzu ya ɓoye su a ƙarƙashi, sai ka yi masa raɗa.

Wai kada a shafa wa yara a kai don kwarkwata. Wai kada a wanke jarkar magani a zuba mai. Wai kada a fesa a ɗaki a rufe yara a ciki. Shekara nawa ana yi? Sai yau da suka samu gawar jikana suka taka suka hau. Tir.

Asabar, 16 ga Agusta, da rana

Na kira ta. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira, a kashe.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan La'asar

Na gaji da jira. Na dafa ƙauri, na dama kunun kanwa a fulas, na hau adaidaita zuwa Babban Giji ana yayyafi.

Hajiya A'isha ta tare ni da fara'ar da ba ta wuce haƙori ba. Na ce wa yake yi mata wanka? Ta ce ai da kanta take yi, da ruwa mai ɗumi. Mai ɗumi! Ko jego ba a yi wa akuya haka. Na ce Hajiya, yarinyar nan ko babu ɗa a hannu jikinta na jego ne, nono yana zuba, ciki bai koma ba. A ba ni ita in ƙarasa abin da na fara. Ta ce, "Malama, ni ban riƙe ta ba. Ga ɗakin can, ki tambaye ta."

Na shiga. Tana zaune a bakin gado, ta yi baƙi, wuyan nan kamar a ƙirga jijiya. Tagar ɗakin a wangale, labule a ɗaure, feshin ruwa yana shigowa har kan katifa. Ban san lokacin da ƙafata ta nufi wurin ba. Hannuna bai kai ga ƙarfen ba ta ce, "Inna." Murya ƙasa-ƙasa. Iyakar abin da ta ce ke nan. Na sauke hannuna.

Na zauna. Na ce ya jiki, ta ce da sauƙi. Na ce ga ƙauri, ta ce an gode. Na ce ki shirya mu tafi gida, an gyara silin, na sa an yi fenti, ko ɗakina ma sai in bar miki. Ta kwanta ta juya fuska bango. Na yi ta magana da bayanta har na ji kunyar kaina.

Da zan fito na ga fulas ɗin kunun a bakin ƙofa, an ajiye mini kusa da takalmina. Ko buɗe shi ba a yi ba.

Sun juya mata kai. Shi ne, da uwarsa. Yarinyar da ko ruwa ba ta sha sai ta ce Inna kin ga, yau ita ce take ba ni ƙeya. Ban yi kuka a gidansu ba, sai da na shiga adaidaita.

Talata, 19 ga Agusta, da safe

Itace ya jiƙe, da ƙyar wuta ta kama. Na ɗora dai.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan Azahar

Sun shigo layinmu da lasifika da ganga, kamar masu tallar maganin basir. Na rufe ƙofa. Duk da haka wata ta ƙwanƙwasa. Ina buɗewa na ga Safiyyah, yarinyar da na koya wa karatu a aji uku, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa sai na riƙe mata hannu. Ta yi girma, ta ɗora koriyar riga a kan hijabi.

Ta rusuna ta ce, "Malama, ya ƙarin haƙuri? Ranar Asabar muna da taro a filin makaranta, na mata ne zalla. Muna so ki zo." Na ce in zo in yi muku rawa? Ta ce, "A'a Malama. 'Yarki ce za ta yi magana."

Na ce wa? Ta maimaita. Na ce mai jegon da ba ta yi arba'in ba za ku fitar gaban jama'a ku ba ta lasifika? Ba ku da iyaye ne? Ta ce wallahi ba wanda ya sa ta, ita ta ce za ta yi, mijin ma hana ta ya yi ta ƙi. Na ce ƙarya kike yi, na rufe ƙofa.

Tun ɗazu nake zagaya tsakar gida. Me za ta ce? Su biyu ne a ɗakin, ɗaya yana ƙasa. Ni ce ta ukun da take shiga tana fita. Ba wanda ya san abin da aka ce da abin da aka amsa sai ni da ita.

Alhamis, 21 ga Agusta, da yamma

Kaina kamar ana sara. Na sha maganin hawan jini, bai yi komai ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan La'asar

Asabe ta ce kada in je. Ta ce, "Malama, ki zauna a gida, duk abin da aka faɗa zan kawo miki." Ai na san za ki kawo, har da ƙari. Zan je. In 'yar da na haifa za ta tsaya gaban matan Tarauni ta tsiraita ni, to ta yi ina kallon idonta. Kuma in ta faɗi nata zan tashi in faɗi nawa. Zan ce ku da kuke zaune, wace ce a cikinku uwarta ba ta rufe mata taga ba? Wace ce? Ta ɗaga hannu in gani.

In kuma ta gama, zan kama hannunta mu taho gida. Sauran mako guda arba'in. Ko kwana ɗaya ne ta yi a ɗakina, in yi mata kitso da lalle, a ce daga gidan uwarta ta koma.

Na goge atamfata mai ruwan ƙasa.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan Magariba

Filin ya cika. Ban taɓa ganin mata haka ba ko ranar rabon sakamako. Da goyo, da tsofaffi, da 'yan Islamiyya layi-layi. Na zauna a baya, amma ana ganina aka fara zunɗe. Na gyara zama na ɗaga kai.

Wata likita ta yi dogon bayani, ta ɗaga gwangwanin ƙwayar tana nunawa. Wata ta tashi ta ce 'yarta ta suma bayan an shafa mata piya-piya a kitso. Wata ta ce kajinta. Aka yi ta salati. Sannan aka kira ta.

Da ƙyar take takawa. Safiyyah ta miƙa mata lasifika. Ta yi sallama. Ta ce sunan ɗanta Junaid, ta ce yana da tabo ƙarami a bayan kunne. Ta faɗi maganar waken, ta ce kawunta bai sani ba, ya toshe duk inda ya san ana toshewa. Ta faɗi maganar silin. Ta ce tun da yamma take jin wari kamar na tafarnuwa, kanta yana juyawa, yaron yana ƙin kama nono.

Na dafa ƙasa zan miƙe. Maganata tana bakina.

Ta ce, "Tagar ɗakin a buɗe take. Ni na tashi na rufe ta, na cusa tsumma, don ina jin sanyi. Ni na rufe." Ta ce don Allah duk wadda ta ji baƙon wari a ɗaki ta ɗauki ɗanta ta fita, kada ta tsaya jin maganar kowa. Ta miƙa lasifikar.

Mata suka fashe da kuka. Ni kuwa ina nan hannu a ƙasa, ban tashi ba, ban zauna ba. Wa ya aike ta? Wa ya roƙe ta?

Da aka watse na kutsa har inda take, a gindin bishiyar da ke bakin ofishin hedimasta, mijin yana can nesa da mota. Ta gan ni ta durƙusa har ƙasa. Mata suka ja baya suka ba mu wuri, ina jin wata tana cewa Allah sarki, ɗa da mahaifi sai Allah. Na sunkuya na kama kafaɗarta na ce tashi mu je gida.

Ba ta ɗago ba. Yadda ni kaɗai zan ji ta ce, "Inna, na ce miki warin yana damuna. Na roƙe ki ki bar ta a buɗe. Da kika fita na buɗe, kika dawo kika rufe." Ta numfasa. "Na ɗauke miki a gaban mutane. Shi ke nan abin da zan iya. Gidan kuma ba zan iya shigarsa ba."

Ta miƙe ta gyara mayafi ta tafi wurin motar. Ba ta waiwayo ba.

A ƙafa na dawo. Tun daga ƙofar makaranta har layinmu mata suna tare ni, waɗanda jiya ko gaisuwata ba sa amsawa. Wannan ta riƙe hannuna, waccan ta share hawaye. Har mai siririn bakin nan ta gidan makoki. "Malama, ashe haka abin yake. Mun ɗauki alhakinki." "Malama, yarinya ce, haihuwar fari, ba ta sani ba." Asabe ta rako ni har zaure tana cewa, "Ki yi haƙuri da ita, kada ki riƙe ta a zuciya. Ki yafe mata, Malama, don Allah ki ce kin yafe mata."

Duk sun tsaya a ƙofar gida suna kallon bakina.

Na ce na yafe.